Shin da gaske ne Ibo ba su da sarki? Labarin garin Nri

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina fataucin albasa tsakanin Kano da Onica. Abokan cinikina Ibo kan ce su ba su gaji sarauta ba, amma kuma ina jin suna ambaton wani gari wai shi Nri da girmamawa. Yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokan naka gaskiya suka faɗa. Suna ma da wani zance a harshensu, "Igbo enwe eze", wato Ibo ba su da sarki. A da can, a yawancin ƙauyukansu dattawan dangi da masu muƙamin girma da ake kira ozo da ƙungiyoyin tsara ne ke taruwa a dandali su yanke shawara. Nri kuwa ta fita daban.

Garin yana ƙaramar hukumar Anaocha ta jihar Anambra, kusa da Awka. Mutanensa na danganta kansu da kakansu Eri, wanda labarin baka ya ce daga sama ya sauko. Mu da muka saba ganin sarauta da dawakai da dogarai, ta Eze Nri, wato sarkin Nri, za ta ba mu mamaki, don ba shi da rundunar yaƙi ko ɗaya. Ƙarfinsa a tsarkake ƙasa yake. A da, in aka aikata abin da suke ɗauka ya ɓata ƙasa, kamar zub da jinin ɗan'uwa, sai a aika Nri a kira malamansu na gargajiya su zo su wanke garin. Ana gane su da tsagar ichi da ke goshinsu, suna ratsa garuruwa da sanda kawai, ba mai taɓa su.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda garin ya zama mafaka. A wancan zamani, bawa in ya gudu ya taka ƙasar Nri ya zama ɗa. Wadanni da ake ƙyama a wasu wurare, can ake kai su, su yi hidima a fada cikin mutunci.

Naɗin ma da ban mamaki: sai an yi wa mai jiran gado jana'iza irin ta alama, sannan ya tashi a matsayin sabon mutum.

Daɗewar wannan tsari ta ƙara fitowa a Igbo-Ukwu, maƙwabciyar Nri. Wani mutum, Isaiah Anozie, yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa ya ci karo da kayan tagulla. Daga 1959 wani Bature masanin tonon kayan tarihi, Thurstan Shaw, ya tona wurin, aka gano kayan sun kai ƙarni na 9, kuma wasu fuskokin da aka ƙera suna ɗauke da tsagar ichi.

A 1911 Turawan Ingila suka tilasta wa Eze Nri Obalike ya sauke ikonsa a kan sauran garuruwa. Amma har yau ana bikin Igu Aro, inda ake shelar sabuwar shekara a raba irin doya kafin shuka. Wajen watan Fabrairu ake yi, in fatauci ya kai ka Onica a lokacin, tafiyar ba ta da nisa.