Shin hukuma na karanta saƙonninmu na WhatsApp?

TAMBAYA: Malam, yayana ya hana mu zancen siyasa a gurup ɗin 'yan gidanmu na WhatsApp, wai hukuma na karanta duk abin da muka rubuta. Ni kuma na ga an rubuta a manhajar cewa saƙonninmu a kulle suke. Wanne zan kama? (Daga wata mai karatu)

AMSA: 'Yar'uwa, Yaya ya ɗan yi ƙari, amma kada ki yi masa dariya tukuna. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo daga wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar wanda aka tura wa. Duk wanda ya tare shi a hanya, ko da kamfanin layi ne, shirme kawai zai gani.

Sai dai kwaɗon nan abin da kika faɗa kaɗai ya rufe. Kamfanin layinki ya san eriyar da wayarki ta kama da ƙarfe biyun dare, ya san lambar da kika kira da mintunan da kuka ɗauka. Irin wannan bayani ne Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya tona a 2013 cewa hukumar leƙen asiri ta NSA ta ƙasar tana tarawa a kan miliyoyin mutane. Ni a ganina ya fi rubutun kansa haɗari. Wanda ya ga kin kira likita sau uku a jere, kina ajiyewa kika kira mahaifiyarki kuka yi awa guda, ai ba sai ya ji muryarki ba.

Akwai kuma Pegasus, manhajar leƙen asiri da kamfanin NSO na Isra'ila ke sayar wa gwamnatoci. Ita cikin wayar take shiga, ta karanta saƙo bayan ya buɗe. A 2019 WhatsApp ya maka kamfanin a kotu kan kutsen wayoyi kusan 1,400. Amma tsada gare ta, 'yan jarida da 'yan adawa aka fi ɗana wa, ba gurup ɗin dangi ba.

Abin da ya fi tona asirin gurup, wallahi, ɗan cikinsa ne da zai ɗauki hoton hira ya tura waje. Sai kuma ajiyar saƙonni a Google Drive ko iCloud, wadda kwaɗon WhatsApp bai rufe ta ba sai kin shiga saitin da kanki kin kunna. Ki kunna yau, ki kuma duba sunayen 'yan gurup ɗin, ki tambayi Yaya ko lambar wane ce wadda ba ki gane ba.