Tambaya da Amsa: Baƙon da Ya Yi wa Amurka Yaƙi, Ya Jira Lambarsa Shekara 55

Tambaya: Malam Edita, gardama ce ta sarƙe tsakanina da wani abokina. Shi yana cewa duk baƙon da ya shiga sojan Amurka ya yi yaƙi, to ya gama da wahala, domin nan take zai zama ɗan ƙasa a kuma riƙa ririta shi har ƙarshen rayuwarsa. Ni kuwa ban gamsu ba. Don Allah a warware mana, kuma idan akwai misalin wanda hakan ta faru da shi, a ba mu labarinsa. Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, abokinka ya kama gefen gaskiya, amma ya saki tsakiyarta. Dokar shige da fice ta Amurka ta sassauta wa baƙon soja: idan ana zaman lafiya, hidimar shekara ɗaya ta ishe shi ya nemi zama ɗan ƙasa, idan kuwa lokaci ne da shugaban ƙasa ya ayyana a matsayin na yaƙi, kamar yadda George W. Bush ya yi a shekarar 2002, ba sai ya cika shekarar ba. Sai dai nema ake yi, ba ya zuwa da kansa, kuma tun farko ba a ɗaukar baƙo aikin soja sai yana da katin zama na dindindin, in ban da wasu shirye-shirye ƙalilan. An sha samun tsofaffin sojoji da suka ɗauka rantsuwar kama aiki ita ce rantsuwar zama ɗan ƙasa, ba su cike takarda ba, daga baya wani laifi ya ja aka tasa ƙeyarsu zuwa ƙasashen da suka baro tun suna yara.

Misalin da ya fi dacewa da gardamarku shi ne na Tibor Rubin, Bayahude ɗan ƙasar Hungary da aka haifa a 1929. Yana ɗan saurayi aka jefa shi sansanin gwale-gwale na Mauthausen da ke Ostiriya, inda ya zauna har sojojin Amurka suka buɗe ƙofar sansanin a watan Mayun 1945. Iyayensa ba su tsira daga hannun 'yan Nazi ba. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa sai ya sa kakin mutanen da suka cece shi. Ya isa New York a 1948, ya nemi shiga soja aka mayar da shi saboda ya faɗi jarrabawar Turanci, sai a 1950 aka karɓe shi, kuma a shekarar ce yaƙin Koriya ya ɓarke.

A nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Abokan aikinsa sun ba da shaida a rubuce, bisa rantsuwa, cewa sajen da ke kansa ya tsane shi don kawai Bayahude ne, kuma duk aikin da ake ganin ba a dawowa daga gare shi, Rubin yake turawa. Lokacin da rundunarsu ke ja da baya zuwa yankin Pusan, an bar shi shi kaɗai a kan wani tudu domin ya tare hanya, ya kuwa riƙe wurin tsawon awa 24 yana fafatawa da sojojin Koriya ta Arewa, har 'yan'uwansa suka samu suka wuce. A ƙarshen watan Oktoban 1950, a Unsan, da sojojin Sin suka auko musu cikin dare, ya karɓi bindiga mai sarrafa kanta bayan waɗanda suka riƙe ta kafinsa sun faɗi, ya yi ta harbi har harsasai suka ƙare, aka raunata shi, aka kama shi.

Wata 30 ya yi a sansanin fursunonin yaƙi. Masu tsaronsa sun yi masa tayin mayar da shi Hungary, wadda a lokacin ke hannun 'yan gurguzu, ya ƙi, alhali ko takardar ɗan ƙasar Amurka ba shi da ita. Abin da ya koya a Mauthausen shi ya yi amfani a nan: yakan sulale da daddare ya sato abinci daga rumbunan masu gadi, ya raba wa waɗanda yunwa da ciwo suka kwantar, yana sane da cewa idan aka kama shi kashinsa ya bushe. An ƙiyasta cewa fursunoni kusan 40 ne suka rayu ta dalilinsa.

To, ina riritawar da abokinka yake faɗa? Hafsoshinsa sun ba da umarnin a rubuta sunansa domin lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, amma an kashe su a fagen daga, kuma takardun a hannun sajen nan suka maƙale. Rubin ya zama ɗan ƙasa a 1953, bayan ya dawo, ya zauna a jihar Kalifoniya da raunin da yaƙi ya bar masa, yana taya ɗan'uwansa aikin kanti, ba tare da kowa ya san abin da ya yi ba sai waɗanda suka kwana da shi a sansani. Su ne suka taso da maganar a shekarun 1980. A ganina, da waɗannan dattawa sun yi shiru, da labarin ya bi shi kabari. Sai da majalisar dokoki ta umarci a sake duba takardun sojoji Yahudawa da 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka da ake zargin an danne musu haƙƙi, sannan Shugaba Bush ya rataya masa lambar a Fadar White House ranar 23 ga Satumban 2005, yana da shekara 76.

Shekarunsa na ƙarshe ya kwashe su yana aikin sa kai a asibitin tsofaffin sojoji na Long Beach, inda aka lissafa masa awanni fiye da 20,000. Ya rasu a watan Disamban 2015, kuma asibitin yanzu sunansa yake ɗauke da shi.