Kukar Miya ko Kukan Zuci?

Saƙonka ya shigo wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, ina shirin kashe janareta. Ka ce: "Oga, yarinyar nan ta Barnawa ta turo mini sabuwar waƙarta ta rabuwa da masoyi, wadda ta yi a wani sutudiyo. Ta ce in faɗa mata gaskiya kafin ta fitar da ita. Na saurara sau uku. Akwai daɗi, akwai tausayi, amma wani abu yana damuna kuma na kasa gane ko mene ne. Me zan ce mata?"

Na ji waƙar sau biyu. Na farko a manyan sifikun sutudiyo, na biyu a wayata, cikin Keke Napep daga Kasuwa zuwa Kawo, ana ta hon ta ko'ina. Ka riƙa yin na biyun nan, domin a haka yawancin mutanenmu za su ji ta, ba a ɗaki mai soso a bango ba.

Bari in fara da abin da ya ruɗe ka. Ka ce akwai tausayi. Akwai kam, amma na wane ne? An ɗora kiɗan a kan maina, wato karin nan mai sanyaya jiki, kod (haɗin sautuka) huɗu suna ta zagayawa, bugu 76 a minti, fiyano mai sanyi, sannan aka malala wa muryar amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya take waƙar. Ɗana, wannan haɗin ko lissafin cefane aka rera a kansa sai idon mutum ya kawo ruwa. Kai kanka za ka haɗa shi a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio kafin shayinka ya huce. Tausayin inji ne. Namu aikin shi ne mu yaye wannan mayafin mu duba ko akwai baƙin ciki a ƙarƙashinsa. Don haka kafin ka buɗe baki, ka ce ta karɓo maka muryarta tsura daga inda ta yi rikodin, ba kiɗa ba kwalliya. In tsurar muryar ta sa ka ajiye abin da ke hannunka, to akwai waƙa. In kuwa ka ji kamar ana karanta sanarwar ɗaurin aure, to kiɗa ne ya goya ta.

Ni ko ta cikin hayaniyar na ji alamar akwai waƙa. Yarinyar tana da murya mai ɗan kauri daga ƙasa, irin wadda ba a cika samu ba yanzu da kowace mawaƙiya ke son ta yi siriri kamar sarewa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga abin da ya tsaya maka a maƙogwaro. Koma wajen amshi, inda take cewa "na kwana ina kuka". Tsayar da waƙar, ka faɗi kalmar da bakinka kamar kana hira. Kuka na hawaye, gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, ba wadda ta sauka. Kukar da ake kaɗa miya da ita kuwa, gaɓar farko sama, ta biyu ta faɗo ƙasa. To karin waƙar yarinyar nan yana gangarowa a ƙarshen kowane layi, kamar yadda waƙoƙin baƙin ciki na Turawa suka saba, sai ya fizgo gaɓar ƙarshe ya kayar da ita warwas. Kunnen Bahaushe kukar miya ya ji. Ba wanda zai ɗauka da gaske ta kwana tana kaɗa miya, ma'ana tana fitowa daga sauran kalmomin. Amma kunne yana yin tuntuɓe a wurin, kuma amshin ya dawo har sau takwas. Tuntuɓe takwas a kan kalmar da ita ce cibiyar waƙar. Abin da ka ji ke nan ka kasa ba shi suna.

Dalili kuwa, Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya suna cikin ginin kalma, suna iya canza ma'anarta. Shi ya sa kalangu yake iya magana. Makaɗi yana matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, yana bin karin kalmomi har mai ji ya gane kirarin wa ake yi. Turanci ba ya bambanta kalmomi ta wannan hanyar, don haka mawaƙin Ingila ko Amurka yana da 'yancin kai gaɓa duk inda ya ga dama. Mu ba mu da wannan sakewar sosai. Yaranmu suna fara ɗauko kari daga waƙar da suka ji a YouTube, sannan su zo suna cusa Hausa a ciki, kamar mai sayen takalmi kafin ya auna ƙafa. Tsofaffin mawaƙanmu na baka da kalma suke farawa, kari ya biyo ta. Ban ce ba a taɓa lanƙwasa karin kalma a waƙa ba, ana yi, gwanaye ma suna yi. Amma ba a kan kalmar da aka ɗora wa nauyin amshi ba.

Gyaran ba wuya. Ko dai ta riƙe gaɓar ƙarshe a sama kada ta bi kiɗan ƙasa, ko ta juya layin: "kuka na kwana ina yi". Kalmar ta koma farkon layi inda karin yake sama, shi ke nan.

Akwai ƙanwar wannan matsalar a baiti na biyu, inda ta ce "na bar gari". Ta ja gaɓar "ga" har bugu biyu. Garin da ake zama a ciki wasalinsa na farko gajere ne, in ka ja shi ya zama garin tuwo. In tana son ja, ta ja "ri", dama can dogo ne. Ka ga waƙar rabuwa ta tara kuka da gari, saura daddawa kawai.

Sai Auto-Tune, injin kwamfutar nan da ke daidaita murya in ta kauce wa kari. Kamfanin Antares ne ya fitar da shi a 1997, kuma injiniyan da ya ƙirƙiro shi a harkar neman man fetur ya fara, yana nazarin amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ni ba na gaba da shi, da shi muke cin abinci, kuma a waƙar biki mai sauri wannan karkarwar tasa ta riga ta zama ado da kunnen mutanenmu ya saba da shi. Amma wanda ya haɗa mata sauti ya murɗe saurin gyaran har sifili, yadda duk inda murya ta ɗan kauce nan take inji ke fizgo ta. Alhali baƙin ciki a wannan ɗan kaucewar yake zaune: murya ta tashi za ta kai wani wuri, ta ɗan gaza, ta lallaɓa ta isa. Saurari baiti na uku, akwai inda muryarta ta karye da gaske. Wurin da ya fi ko'ina tsada ke nan a waƙar, inji kuma ya mayar da shi wani ƙugi kamar rediyo na neman tasha. Ya kuma bi ya yanke duk numfashinta tsakanin layuka. Mutum yana kuka ba ya numfashi? A sassauta gyaran, a mayar da numfashin, kaurin nan na muryarta zai fito.

Kalmomin kuma, to. Zuciya, duniya, gaskiya, soyayya, ƙiyayya. Tun daga layi na farko na san ƙafiyar da za ta bi har ƙarshe, kai ma ka sani, mai shayin bakin layinmu ma ya sani. Wannan "ya" ɗin ta zama rijiyar unguwa, kowa da gugarsa. Ba laifi ba ne a yi ƙafiya da ita, laifin shi ne ƙafiya ta riƙa zaɓar wa mawaƙi abin da zai faɗa. Baiti biyu na farko ba su gaya mini komai game da wannan yarinya da wannan saurayi ba, kowa zai iya rera su a kan kowa. Sai can a baiti na uku, bayan mai saurare ya gaji, ta ce ta ajiye lambarsa a wayarta da sunan tela don kada Umma ta gane, kuma har yau ba ta canza sunan ba. Da na ji wannan a cikin Keke sai da na mayar da shi baya. Ga soyayyar ɓoye, ga tsoron uwa, ga rashin iya gogewa, duk a layi ɗaya, ba ta ambaci zuciya ko sau ɗaya ba. Wannan layin da shi ya kamata a buɗe waƙar. Wadda ta iya rubuta shi za ta iya rubuta goma irinsa in aka nuna mata cewa shi ne zinaren.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Fiyano ya yi daƙiƙa 38 shi kaɗai kafin ta buɗe baki, alhali Spotify ba ya ƙirga an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, mai waya kuma babban yatsansa a shirye yake. A rage zuwa goma. Bes ɗin, wato sautin kiɗa mai kauri, ya yi ƙasa da yawa, a sutudiyo yana girgiza ƙirji, a waya ya ɓace ɗungurungum. Akwai kuma gurnanin wutar lantarki a ƙarƙashin muryar, irin na 50 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti) da muka saba da shi. A yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a layin murya.

Amma kada ka kwashe duk wannan ka juye mata. Na taɓa yi, shekarun da muke kiɗa da fiyanon Yamaha PSR. Wani yaro daga Tudun Wada ya kawo mini waƙarsa tare da abokansa uku. Na zauna na lissafa masa kurakurai goma sha ɗaya a gabansu, ina jin kaina gwani. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ko ɗaya ban ƙara gishiri ba. Bai sake dawowa ba. Bayan shekaru na gan shi yana sayar da caja da murfin waya, ya gaishe ni da ladabi, bai ɗauko zancen waƙa ba, ni ma kunya ta hana ni. Kuma yaron yana da murya.

Ga yadda za ka yi. Kada ka rubuta mata a WhatsApp, rubutu ba shi da fuska. Ta zo da yayarta ko ƙawarta kamar yadda ta saba, amma kada ɗakin ya cika da 'yan kallo. Fara da layin tela, ka gaya mata dalilin da ya sa ya kama ka, dalla-dalla, don ta san ba yabon fatar baki ba ne. Sannan ka ce ta faɗi "kuka" da bakinta, ta faɗi "miyar kuka", sai ka kunna mata amshin. Kada ka yi bayani, da kanta za ta ji, wataƙila ma ta yi dariya. Abu biyu ke nan nata: ta gyara amshi, ta dawo da layin tela gaba ta gina sauran a kansa. Maganar Auto-Tune da bes da gurnani tamu ce ta masu inji, ba nauyinta ba ne. Kuma kada ka zagi sutudiyon da ta je, ba ka san da wane kuɗi da wane lokaci suka yi aikin ba, gobe kuma taka waƙar ce za a kai musu.

In ta ce ai ta riga ta sanar a TikTok cewa ranar Juma'a za ta sake ta, ka ce ta ɗaga da mako biyu. Waƙar da ta shiga wayoyin mutane ba ta dawowa gyara.

In ta yarda, ku zo ranar Asabar da hantsi, wajen ƙarfe sha ɗaya, lokacin murya ta buɗe. Hunturun nan yana busar da maƙogwaro, ka tanadar mata ruwan ɗumi, ban da na firiji. Kai za ka zauna a kan kwamfuta, ni ina baya a kan benci ba zan ce uffan ba sai ka juyo. Ka biya gidan mai ka cika jarkar janareta kafin ka iso.