Ana Bina Bashin Sefa, Na Jira Naira Ta Farfaɗo Ko Na Biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jibiya. Farkon 2023 na karɓi kaya bashi wurin wani abokin huldata na Maraɗi, kuɗin sefa miliyan uku, lokacin jaka (sefa dubu) tana wajen naira 1,200. Yanzu ta ninka har da ɗoriya, barci ya gagare ni. Abokaina suna cewa in dakata, naira za ta dawo kamar zamanin Shagari, wasu kuma sun ce an kusa soke sefa gaba ɗaya. Don Allah wace shawara za ka ba ni?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya warware maka. Sefa miliyan uku jaka dubu uku ke nan. Ranar da ka ɗauki kayan, bashin naira miliyan uku da dubu ɗari shida ne. In aka yi lissafi a kan naira 2,500 kowace jaka, ya zama miliyan bakwai da rabi, alhali ko buhu ɗaya ba a ƙara maka ba. To wannan jiran da ake ba ka shawara a kai, shi ne ya riga ya cinye maka kusan miliyan huɗu.

Maganar "naira za ta dawo" kuwa, wallahi ta ishe ni. Kusan kullum sai wani ya kawo mini ita, kuma yawanci wanda bai taɓa riƙe bashin sefa ba ne ya fi ɗaga murya a kanta. Gaskiya ne a 1980 naira ɗaya ta kusa dalar Amurka biyu a farashin gwamnati, jakar sefa kuma ba ta kai naira uku ba. Dattawan Maraɗi da Ƙonni suna tuna lokacin da ake ɓoye naira a ƙarƙashin katifa kamar zinari. Amma me ya riƙe ta a can sama? Kuɗin man fetur da ke kwarara, da kuma Babban Banki da ke yanke farashi da hannunsa. Da farashin mai ya karye, Babangida ya buɗe kasuwar gwanjon canji a watan Satumba na 1986, naira ta gangaro, ba ta sake komawa wurin ba. Zamanin Abacha gwamnati ta daskarar da dala a kan naira 22, amma wanda ya je Wapa a Kano ya san sama da 80 ake sayar da ita. A 2016 an tashi daga 197 zuwa sama da 300. A watan Yuni na 2023 aka sake ta daga wajen 460, kafin watanni tara su cika ta haura 1,500. Ka duba jerin nan da kyau, Alhaji, ka nuna mini tsani ɗaya da aka sauka aka sake hawa.

Takan ɗan farfaɗo, ban musa ba. A 2017 dala ta sauko a kasuwar bayan fage daga sama da 500 zuwa wajen 360. Wannan numfashi ne mai amfani ga wanda kuɗinsa ke hannu, ya yi wuf ya canza. Amma 360 ɗin ma ina ta ga 197? Dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne. Tun 1999 sefa ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro, kuma tsadar kaya a ƙasashen sefa yawanci ba ta yin nisa. A Nijeriya kuwa shekara da shekaru farashi yana hawa da sama da kashi goma cikin ɗari, a 2024 ma ya wuce talatin. Kuɗin da ke rasa ƙarfi a kasuwar Jibiya kowace shekara ba zai ƙara ƙarfi a kasuwar Ɗan Isa ba don kawai an ƙetara iyaka.

Masu ɗan karatu a cikin abokanka za su ce ai sefa ma ta taɓa faɗuwa. Ta faɗi ƙwarai. A watan Janairu na 1994, bayan taron shugabanni a Dakar, aka wayi gari faran ɗin Faransa ɗaya ya koma sefa 100 maimakon 50 da aka sani. Wanda ake bi bashin sefa a ranar ya yi dariya. Sai dai dariyar ba ta daɗe ba, don a 1995 tsadar kaya a Nijeriya ta haura kashi 70 cikin ɗari, ta lashe ribar. Kuma sau ɗaya ke nan a cikin shekaru sama da saba'in. Wa ke gina rumbu a kan irin wannan tsammani?

Batun soke sefa gajere ne. Tun Disambar 2019 shugaban Côte d'Ivoire Ouattara da na Faransa Macron suka sanar da Eco, kuɗin da zai maye gurbin sefa, a Abidjan, har yau ba wanda ya ga takardarta. Ko da Nijar ta fito da kuɗinta gobe, bashi ba ya narkewa. Muritaniya ta fita a 1973, aka ce sabon kuɗinta ugiya ɗaya sefa biyar, kowa ya juya lissafinsa a kan haka. Mali ta fita a 1962, ta dawo a 1984, faran ɗinta biyu a sefa ɗaya. Mai binka zai ci gaba da binka, sunan kuɗin ne kawai zai sauya, ƙila ma ya ce da yuro zai lissafa.

Ka shirya ka tafi Maraɗi da ƙafarka, kada ka yi ta waya. Ka tafi da wani dattijo da ku duka kuke jin nauyinsa, ka ajiye abin da ya samu, ragowar a raba ta kashi-kashi da ranaku, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. A takardar a rubuta adadin da lamba, a ce sefa, don ka san mutanen can "dala" a bakinsu sefa biyar ce, na ga rigimar da wannan kalma kaɗai ta haddasa. In kana da hatsi ko kayan masarufi da yake buƙata, ka roƙe shi ya karɓi wani kaso da kaya, ka huta da ladan ɗan canji. Duk ranar da ka sayar da wani abu kuma, ka mayar da kason bashin sefa nan take, kada naira ta kwana a aljihunka.