Tambaya da Amsa: Me ya sa ragar da na buga take bajewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a injiniyancin likitanci. Na haɗa tawadar halitta, wato haɗin da firintar 3D ke bugawa da ƙwayoyin halitta masu rai, da aljinet (sinadari daga ciyawar teku) kashi 2 cikin ɗari da jelatin (sinadari daga fata da ƙashin dabba) kashi 5, na zuba ƙwayoyin halitta a ciki. Da firinta ta buga raga, sai layukan su baje, ramukan su koma zagaye maimakon murabba'i. In ƙara aljinet ne? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki taɓa aljinet tukuna, fara da zafin ɗakin. Jelatin halinsa ɗaya da romon ƙafar saniya: ya huce ya daskare, ya ji ɗumi ya koma ruwa. Sama da digiri 30 ba ya riƙe siffa, ga shi zafin bazara a Kano yakan haura haka. Ki sa sirinjin tsakanin digiri 20 zuwa 25, ki bar shi kamar minti 20 kafin bugawa, domin jelatin a hankali yake kamawa. Farantin da ake bugawa a kai kuma ya sauka zuwa digiri 10 ko 15.

Sai gwaji. Ki matsa tawadar a iska: in ta ɗiga, ta yi ruwa, in ta fito da gudaji, ta daskare da yawa, zare santalele ake nema. Bayan bugawa ki ɗauki hoton rami, ki ninka kewayensa da kansa, ki raba da faɗin filinsa sau 16. Murabba'i yana ba da 1, zagaye 0.785. Tsakanin 0.9 da 1.1 ake so.

Ƙara kauri yana gyara siffa, amma ƙwayoyin ne ke shan wahalar. Tawada mai kauri sai an ƙara matsi, gogayyar cikin bakin allura kuma tana fasa fatarsu. Shi ya sa muka fi son baki mai tsukewa a hankali, lamba 22, wato mai faɗin rami kimanin maikuromita 410, a kan siririyar allurar ƙarfe lamba 27.

Da kin gama, ki jiƙa ragar a ruwan kalsiyam kuloraid milimola 100 a kowace lita na minti 5 zuwa 10, domin kalsiyam ne ke ƙulle aljinet ya yi ƙarfi, ki ɗauraye da ruwan gishiri marar fosfet, don fosfet yana janye kalsiyam. A inkubeta, wato akwatin renon ƙwayoyin halitta, mai digiri 37 jelatin zai narke ya fice, aljinet ɗin da ya ƙulle shi zai riƙe ragar.