Ki koma ajin wagashin nan, 'yar'uwa

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, na karanta ta sau uku na kasa amsawa, saboda abin da ta tayar mini a rai. Kin ce kin biya kuɗinki kin je ajin koyon wagashi, wato kayan zaƙin gargajiyar Japan da ake yi da siffar furanni da ganyaye, a Kiyoto, kowa ya gama furanni uku, ke ko ɗaya bai rufu ba. Kwaɓin yana tsagewa, jan waken yana leƙowa ta gefe, kin fito kunya kamar ƙasa ta tsage ki shige. Kina tambaya ko ki koma ko ki haƙura, da kuma ko kayan haɗin halal ne. Wallahi kamar labarina kika rubuta.

Ki koma. Bari in faɗi wannan tun yanzu kafin surutu ya ɗauke ni. Ki koma, kuma wannan karon ki je ke kaɗai.

Ni a watan Nuwamba na fara zuwa, shekararmu ta farko a garin, maigida yana karatu ni ina ɗaki daga ni sai yaro. Lokacin ganyen bishiyar momiji ya yi ja a ko'ina, don haka abin da aka ba mu mu yi shi ne ganyen momiji, da furen kiku, da wani da ake kira kinton. Ba ni kaɗai na je ba, wata ce ta raka ni, 'yar ƙasarmu, ta riga ni zuwa da shekara huɗu kuma tana jin yarensu sosai. Ita ma ta kawo shawarar zuwan. Na ɗauke ta tamkar yayata, komai nawa ta sani.

Satin kuwa an yi suna a gidan wasu 'yan'uwa a Osaka, na ƙunsa lalle, yatsuna da farcena sun yi jawur. Da muka shiga kowa ya wanke hannu, ni ma na wanke. Yarinyar da ke taimaka wa malamin ta zo tana raba ƙyalle, ta dubi hannuna, ta yi mini nuni da famfo. Na koma na sake wankewa da sabulu. Ta sake dubawa, ta sake nuna famfo, sannan ta tafi ta kawo mini safar hannu ta leda. Mutum goma sha biyu ne a ɗakin, har da Turawa 'yan yawon buɗe ido, kowa ya juyo yana kallona. Yarinyar ban riƙe ta a zuciya ba, ba ta san lalle ba, ta ɗauka wani abu ne da zai zuba a abinci. Amma wadda na zo da ita fa? Tana tsaye a gefena, kalma biyu za ta faɗa da Japananci magana ta ƙare. Sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. Na ce mata da Hausa, don Allah ki gaya mata lalle ne. Ta ce in dai saka safar kawai kada in ba mu kunya. Kada in ba MU kunya, 'yar'uwa. Har yau in na tuna kalmar nan sai na ji ƙirjina ya yi zafi.

Da safar ledar nan na yi aikin. Ba na jin laushin kwaɓin, ba na jin inda ya yi kauri da inda ya yi siriri, hannuna yana gumi a ciki yana rawa. Furen kikuna ya fashe ta ƙasa, na danne shi, ya fashe ta sama. Idona ya cika da hawaye har ba na ganin abin da malamin yake nunawa. Ita kuma ta ɗaga waya ta ɗauki hoton abin da na yi, kafin mu isa tashar jirgin ƙasa ya shiga zauren matanmu na WhatsApp, da alamun dariya a jere. Matan da nake gaisawa da su, waɗanda suka san ina sayar da alkaki da nakiya tun ina budurwa a Zariya. Ɗaya ce kawai ta kira ni ta ce abin bai dace ba. A jirgi na yi ta kuka, fuskata a jikin taga. Da na gaya wa maigida ya ce in yi haƙuri wasa ne. Wane irin wasa ne mutum yana kuka kana ɗaukar hoto? Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba har muka bar ƙasar. Muna gaisawa saboda Allah, amma ban sake bin ta ko nan da ƙofar gida ba. Na yafe, sai dai ban manta ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce na manta ba.

Wata biyu na yi ko shagon wagashi ba na son wucewa ta gabansa. Sannan wata rana a Janairu, sanyin Kiyoto mai shiga ƙashi, na ce ni da na iya murza alkaki siriri ya fito reras, wake da sukari ne za su gagare ni? Na nemi wani ajin, ƙarami, mu huɗu kacal. Na rubuta a takarda cewa jan hannuna ado ne na ganye, ba ya zuba. Malamin, wani tsoho, ya karanta, ya gyaɗa kai, shi ke nan.

A nan na gane cewa ba hannuna ne ba shi da kyau ba, kuma ke ma ba naki ba ne. Abin da aka ba ku nerikiri ne: farin wake da aka dafa aka tace aka tuƙa da sukari, aka haɗa da ɗan gyuhi, wato tuƙaƙƙen garin shinkafa mai danƙo, don ya kama jikinsa. Abu ne mai saurin bushewa sosai. Mu sababbi muna daɗewa da shi a tafin hannu muna tunani, zafin hannu da iska suna shanye danshinsa, sai ya tsage. Jiƙaƙƙen ƙyallen nan da aka ajiye miki a gefe ba na goge teburi ba ne. Kafin ki taɓa kwaɓin ki shafa hannu a kai, bayan kowane mataki ki sake shafawa. Danshi ake so ba ruwa ba, in ruwa ya yi yawa zai koma yana manne miki. Wanda ba ki kai gare shi ba kuma ki bar shi a rufe.

Rufewar ita ce ta fi ba ni wuya. Malamin ya auna mana giram 25 na kwaɓi, giram 15 na curin jan wake. Ki faɗaɗa kwaɓin a tafin hannu, tsakiya ta fi kauri, baki-baki ya fi siriri, domin tsakiyar nan ita ce za ta zama fuskar furen. Ki ɗora curin, ki danne shi kaɗan da babban yatsa, ki riƙa juyawa kina turo kwaɓin sama a hankali har bakin ya haɗu. Kada ki ja shi. Ni jan shi nake yi kamar mai rufe sambusa, shi ya sa yake yagewa. Idan kin koma ki roƙi malamin ya bar ki ki rufe ki buɗe sau biyar kafin a zo maganar fure, ko da za ki fita da guda ɗaya tak. Ki zauna kusa da shi, ta gefensa ba ta gabansa ba, don ki ga hannunsa yadda za ki ga naki.

Ɗan katakon nan mai kusurwa uku kuma, daga ƙasa ake kafa shi a mirgino shi sama, ba yanka ake yi ba. Kuma furen ake juyawa, hannun da ke riƙe da katako yana nan a wurinsa. Kala kuwa da bakin tsinken sakace ake ɗiba, ɗigo ɗaya ya isa. Su Japanawa ba sa son kala mai ihu irin ta kek ɗin biki, sun fi son a sa mai launin daga ciki ya riƙa haskowa ta cikin farin.

Af, tun da na tuna, in kina da ƙananan yara ki yi hattara da mochi, wato curin dakakkiyar shinkafa mai danƙo. Duk sabuwar shekara sai hukumominsu sun yi gargaɗi, saboda yana maƙale wa tsofaffi a maƙogwaro har a rasa rai. Yarona ya taɓa shaƙewa da ɗan guntun daifuku, wato mochi mai wake a ciki, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ki yanka ƙanana, ki zauna a gabansu har su haɗiye.

Maganar halal. Shi nerikiri wake ne da sukari da garin shinkafa, wani lokaci da ɗan ruwan alewar sitaci da suke kira mizu-ame. Yokan da sauran masu sheƙi kamar gilashi da kanten ake daskarar da su, shi kuwa daga ciyawar teku ake samun sa, ba jelatin ba ne. Inda za ki sa ido shi ne mirin, ruwan zaƙin da suke girki da shi, da sake, giyarsu ta shinkafa, duka biyun akwai barasa. Ana yawan zuba mirin a kwaɓin dorayaki, wainar nan mai wake a tsakiya, wasu suna sawa a romon da ake shafa wa mitarashi dango, curin shinkafa a tsinke, akwai kuma wani manju, turaren burodi mai wake a ciki, da ake tayar da kwaɓinsa da sake, sunansa ma saka-manju. Ni duk na bar su sai wanda na yi da hannuna. Ki haddace wannan harafin, 酒, in kin gan shi a jikin leda ki ajiye. Na kanti masu arha su ne wani lokaci ake sa wa jelatin, shi ma ki duba. Ki tambaya tun wajen yin rajista, ba sa jin haushi, sun saba da masu tambaya saboda rashin lafiya.

Kin ce ma zaƙin ya yi miki yawa. Don shayi aka yi shi. A al'adar shan macha, koren shayinsu na gari, sai an cinye kayan zaƙin tukuna a kurɓi shayin, ɗacinsa ya sauka a kan zaƙin. Tun zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da sukari ya fara wadata, masu sana'ar Kiyoto suke ƙera su suna bin yanayin shekara, kowanne da sunansa. Furen ume da na sakura duk kunne biyar ne, amma na sakura akwai 'yar tsaga a bakinsa. Ranar da na yi sakura a watan Maris tsohon nan ya ɗaga shi ya juya, ya ajiye bai gyara komai ba, sai da na fita waje na share hawaye. Shi da kansa ya ce mana shekarunsa na farko a wajen maigidansa dafa wake kawai yake yi, ba a bar shi ya taɓa fure ba. Mu kuma muna son mu iya a awa ɗaya da rabi.

Yanzu da muka dawo gida da farin wakenmu nake yi. Su ma sun san dangin wakenmu, sasage suke ce masa, suna dafa jansa da shinkafa ranar murna. Ina surfa shi kamar zan yi alala, in tafasa in zubar da ruwan farko, in dafa ya yi luguf, in murje a rariya mai laushi. Sai in zuba ruwa ya kwanta in tsiyaye, sau uku, har warin wake ya fita, in matse a ƙyalle, in tuƙa da sukari a wuta kaɗan har in taɓa bai manne a yatsa ba. Shinkafar tuwo ba ta ba ni danƙon da nake so ba, don haka kafin ku taso ki sayi shiratamako, garin shinkafarsu mai danƙo, ki cika jaka, da katakon nan guda biyu. Lokacin hunturu kam sai na rufe taga na ajiye kwanon ruwa a gefe, in ba haka ba kafin in rufe ɗaya ɗayan ya bushe. Kuma a ranar ake ci, ko washegari. In tsaraba kike so ki sayi higashi, busassun nan na sukarin wasanbon da ake yi a Tokushima da Kagawa, su ne suke jure tafiya.

Don Allah kada ki goge hoton wanda ya fashe, ni na goge nawa saboda baƙin ciki, yanzu ina nema in nuna wa 'yata babu. Ki turo mini shi ta akwatin sirri, ni kaɗai zan gani. In na ga inda ya tsage zan gaya miki ko bushewa ce ko ja kika yi. Kuma ki gaya mini watan da za ki koma, in faɗa miki furen da za ki tarar ana yi.