Ga mai tambaya a kan PRP: abin da na gani a Gusau tun 1979

Assalamu alaikum. Ɗana, ka tambaya ko jefa wa jam'iyyar PRP ƙuri'a asara ce, tunda ba ka taɓa ganin ta ci zaɓe a Zamfara ba. Ƙuri'ata ta fari ita na ba, a 1979, kuma na yi mata wakilcin rumfar zaɓe ba sau ɗaya ba, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Mahaifina tela ne, ɗan NEPU, a bakinsa na fara jin kalmar sawaba. Da Malam Aminu Kano ya kafa PRP a 1978, gidanmu ba a yi shawara ba, mabuɗi, alamar jam'iyyar, muka bi. Amma ka sani, ko a wancan lokacin nan ba gidanta ba ne. Muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, Shagari ɗan gida ne, jam'iyyarsa NPN ta kawo Shehu Kangiwa gwamna. Ƙarfin PRP yana Kano da Kaduna, inda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka ci, suka soke haraji da jangali. Ranar da labarin ya iso kasuwar Gusau na ga dattawan da ba su zaɓe ta ba suna sa mata albarka.

Daga nan sai baraka: rabuwar jam'iyyar gida biyu, santsi da taɓo, tsige Balarabe a 1981, rasuwar Malam a Afrilun 1983. Duk da haka Sabo Bakin Zuwo ya riƙe Kano a zaɓen shekarar, sai soja suka share komai a ƙarshen Disamba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yanzu. Zamfara ƙananan hukumomi 14 ce, mazaɓu 147, kowace mazaɓa da rumfunanta. Kowace rumfa tana son mutum ya tsaya tun safe har a ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafin sakamako, ya bi shi wurin tattarawa. Wannan mutumin zai ci abinci, zai hau mashin, ya bar sana'arsa yini guda. Manyan jam'iyyu suna biya. Mu kuwa na taɓa tsayawa ni kaɗai ina zagaya rumfuna huɗu da ƙafa. Inda ba ka da wakili, ko an zaɓe ka ba ka da bakin magana.

Sai 'yan aron riga. Mutum ya faɗi zaɓen fidda gwani a babbar jam'iyya, ya garzayo ya karɓi tikiti, bai san ko sunan Sa'adu Zungur, mawaƙin gwagwarmayar NEPU, ba. Wani irinsu mun yi masa wahala wata uku, sati biyu da zaɓe ya koma inda ya fito, ko sallama babu. Matasan da muka tara saboda shi, rabinsu ba su sake zuwa taro ba.

Ba na cewa ta mutu. A 2019 ta ci kujeru biyu na majalisar wakilai a Bauchi, kuma da INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a 2020 tana cikin waɗanda suka tsira. Amma a 2023 ɗan takararta na shugaban ƙasa, Kola Abiola, bai samu ko ƙuri'a dubu ɗari ba a duk ƙasar, kuma a ganina takarar shugaban ƙasa da irin wannan ƙarfin ɓarnar guzuri ce.

To, asara ce? Idan daga ranar zaɓe sai wata ranar zaɓe za ka tuna da ita, kusan haka ne. Idan da gaske kake, ka yanki katin jam'iyya, ka nemi mutum goma a mazaɓarku masu ba da ɗari biyu-biyu duk wata, ku tsaya wa manomin da aka hana taki da matar da aka kora daga asibiti don ba ta da kuɗin kati. Ku sa ido a kan kujerar majalisar jiha guda ɗaya tak, da ɗan takarar da kuka san gidansu. Mu a unguwarmu haka muka fara bana, mun kai mutum goma sha bakwai, uku mata ne.